Dariya da Hawaye a Ƙasar Fari: Na Bi Sawun João Grilo a Barazil

A arewa maso gabashin Barazil akwai fim ɗin da ba a wahalar neman wanda ya gani, wanda bai gani ba ne ke da wuyar samu. Sunansa O Auto da Compadecida. Gidan talabijin na Globo ne ya fara nuna shi kashi huɗu a watan Janairun 1999, sannan darakta Guel Arraes ya taƙaita shi aka kai gidajen sinima a shekarar 2000, mutum sama da miliyan 2 suka sayi tikiti. Fim ne na barkwanci, amma ƙarshensa a gaban shari'ar lahira yake gudana: Shaiɗan na gabatar da ƙara, Nana Maryam na neman sassauci. Da kashi na biyu ya fito ranar Kirsimeti ta 2024, sai hira a kansa ta dawo sabuwa a gidaje da kasuwanni. Wannan ne ya kai ni jihohin Pernambuco da Paraíba a farkon 2025, tare da wani ɗalibin jami'a da ya yi mini tafinta.

Ga labarin a gurguje. A shekarun 1930, a ƙaramin garin Taperoá da ke cikin sertão, busasshen yankin cikin ƙasa, akwai abokai biyu talakawa futuk. João Grilo ɗan ƙarami ne, ramamme, yunwa ta koya masa wayo. Bahaushe yana ganinsa zai tuna da Gizo na tatsuniya. Chicó kuwa matsoraci ne, mai shara ƙarya, amma zuciyarsa fara ce. Suna aiki wurin wani marowacin mai gidan burodi, wanda matarsa ke soya wa karenta nama da man shanu, alhali João ya taɓa kwanciya ciwo a gidan babu wanda ya miƙa masa ko ruwa. Karen ya kamu da ciwo, uwargida ta ce sai limamin coci ya sa masa albarka. Liman ya ƙi. João ya ce ai na Manjo Antônio Morais ne, babban mai gonakin yankin, nan take liman ya sauko. Da karen ya mutu, João ya ƙirƙiro wasiyya: wai ya bar wa coci kuɗi matuƙar an yi masa jana'iza da harshen Latin. Aka yi. Bishof ya iso yana kumfar baki, da ya ji shi ma yana da kaso sai ya koma yabon mamacin.

Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwar ƙarya. João ya sayar wa uwargida kyanwar da ya ce kashin kuɗi take yi. Ana cikin haka Severino de Aracaju, shugaban 'yan fashin daji, ya afka wa garin, aka harbe bishof da liman da mai burodi da matarsa. João ya yaudare shi da mafitsarar akuya cike da jini da wani ɗan abin busa da ya ce yana tayar da matacce. Severino ya sa yaronsa ya harbe shi, don ya je ya gano Padre Cícero, wanda mutanen yankin ke ɗauka waliyyi, sannan a busa a dawo da shi. Bai dawo ba. Yaron ya juya ya harbe João. Sai ga su duka a gaban shari'a.

Ni Musulmi ne, kuma ban ɓoye wa kowa ba a tafiyar nan. A wurinmu ba a sa mutum ya fito a matsayin Annabi Isa, Alaihissalam, ko mahaifiyarsa, kuma aƙidar da fim ɗin ya ginu a kanta ba tawa ba ce. Abin da na je ji shi ne yadda mutane masu riƙo da addininsu suke ƙyaƙyata dariya ana tona asirin limamansu, sannan su tashi suna share hawaye.

Recife

Recife gari ne na ruwa da gadoji, kogin Capibaribe ya ratsa shi kafin ya faɗa Tekun Atilantika. A nan Ariano Suassuna, marubucin wasan kwaikwayon da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, ya yi mafi yawan rayuwarsa. Ya rubuta wasan a 1955, aka fara nuna shi a dandamalin Teatro de Santa Isabel a 1956, aka kai shi Rio de Janeiro a 1957 ya ciyo lambar zinare. A nan kuma ya rasu a watan Yulin 2014 yana da shekara 87.

Sinimar da muka shiga don kallon kashi na biyu tana cikin wani katafaren kanti. Layin tikiti ya ɗauki kaka da 'ya da jika a wuri ɗaya. A bango hoton fim ɗin na kusa da na Ainda Estou Aqui, wanda daga baya ya ciyo wa Barazil kyautar Oscar. Selton Mello, mai fitowa a Chicó, yana cikin duka biyun. Kashi na biyun ya ɗauko labarin bayan kimanin shekara 20: João ya dawo Taperoá ya tarar ya zama abin labari, 'yan takara biyu, mai gonaki da mai gidan rediyo, kowa na son ya ja shi ɓangarensa. Da Chicó ya shara ɗaya daga cikin ƙarairayinsa aka tambaye shi yadda abin ya yiwu, tun kafin ya buɗe baki zauren ya amsa masa da kalmar da ya saba kare kansa da ita. Yaran da ba a haifa ba lokacin fim na farko su ne suka fi ɗaga murya. Amma da Taís Araújo ta bayyana a matsayin Compadecida, wato Nana Maryam Mai Tausayi, sai hayaniya ta ɗauke, matar da ke gabana ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

A waje muka tsayar da ita tare da mijinta. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce a ɗakin kakarta akwai ɗan mutum-mutumin Nossa Senhora Aparecida, wato Nana Maryam, wadda Katolikan Barazil suka ɗauka uwar ƙasarsu, kuma baƙa ce, masunta ne suka tsamo ta daga kogi a 1717. To me zai sa wani ya yi mamaki don baƙar mace ta fito a wannan matsayi? Ta ce ita abin ya zo mata a makare ma. Mijin bai yi mata musu a kan wannan ba, amma ya ce muryar Fernanda Montenegro, wadda ta fito a na farko, ba ta bar kunnensa ba. A ganinsa yunwa ce ta haifi fim na farko, na biyu kuwa kewar na farko ce ta haife shi. Ya yi dariya, ya ji daɗin sake ganin abokan nan biyu, amma bai ji tsoron kada wani abu ya same su ba. Matar ta ce masa shi ne ya tsufa, fim ɗin bai yi komai ba.

Washegari muka je kasuwar São José, tsohon ginin ƙarfe na ƙarni na 19, wurin wani dattijo mai sayar da cordel. Ƙananan littattafan waƙa ne na takarda mai araha, shafi 8 ko 16, da zanen da aka sassaƙa a katako aka buga a bangon, an rataye su jere a igiya. Ya ciro ɗaya da ya yi jajawur saboda tsufa, ya buɗe da yatsun da tawada ta rina. Ya ce Suassuna bai taɓa ɓoye inda ya ɗebo ba: wasiyyar kare daga waƙar Leandro Gomes de Barros take, mutumin Paraíba da ya rayu daga 1865 zuwa 1918, dabba mai kashin kuɗi ma tasa ce, sai dai a wurinsa doki ne, shari'ar lahira kuma daga wani ɗan littafin ne mai suna O Castigo da Soberba. Shi kansa João Grilo ya daɗe yana yawo a cordel kafin ya hau dandamali. Dattijon yana son fim ɗin, domin ya jawo masa masu saye. Abin da ke ci masa rai shi ne kowa ya san sunan 'yan wasa, ƙalilan ne suka san Leandro, duk da cewa tun 2018 hukuma ta sanya cordel cikin kayan gadon al'adun ƙasa.

Hanyar Campina Grande

Da muka bar Recife rake ne hagu da dama, gonakin da saboda su aka yi ta jigilar bayi daga Afirka shekaru aru-aru. Sannu a hankali kore ya fara ja da baya, mota ta hau tudun Borborema, iska ta yi sanyi, muka shiga Campina Grande.

Direban tasin da ya ɗauke mu daga tasha ɗan cocin bishara ne, irin waɗanda suka bar Katolika. Ba shi kaɗai ba ne: a ƙidayar 2000, shekarar da fim ɗin ya fito, Katolika sun kusa kashi 74 cikin 100 na 'yan ƙasa, 'yan bishara kuma kusan kashi 15, a ƙidayar 2022 Katolika sun sauko kusan 57, 'yan bishara sun haura kusan 27. Ke nan mutanen da suka kalli kashi na biyu ba daidai suke da waɗanda suka kalli na farko ba, ko da fuskokin ba su canza ba. Direban ya ce yana dariya har hawaye tun daga farko zuwa lokacin da aka shiga shari'a, daga nan sai ya tashi ya je ya sha ruwa. Bai yarda akwai wata mai shiga tsakani da za ta sauya hukunci ba, bai kuma yarda da wurin tsarkake rayuka da Katolika ke cewa ana jira a cikinsa kafin aljanna ba, inda aka tura bishof da liman da mai burodi da matarsa. Ya ce wannan koyarwar ce ke sa mutum ya yi ta ɓarna yana jiran ceto.

Na tambaye shi batun jana'izar kare. Ya bugi sitiyari yana dariya, ya ce kada in ɗauka da limaman Katolika kaɗai ake. Ya san fastocin da za su binne kare da waƙa da jita in mai karen yana zuba kuɗi a coci. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan darasi bai tsaya ga coci ɗaya ba. Tafintana ya gaya masa cewa Suassuna kansa a gidan Furotesta ya tashi, sai da ya girma ya koma Katolika. Direban ya yi shiru har muka wuce wani shataletale, sannan ya ce shi ya sa mutumin ya san inda zai taɓa kowa.

Da dare, muna cin abinci, tafintan ya faɗi nasa ra'ayin, wanda ya riƙe tun Recife. Yana son fim ɗin, ya haddace shi, amma ya gaji da ɗaukar kayansa. Ya ce in ya je São Paulo, da zarar an ji harshensa sai wani ya fara kwaikwayon Chicó. A idon mutanen kudu, arewa maso gabas ita ce fari da tsagaggiyar ƙasa da ɗan fashi da maƙaryaci, alhali garin da muke zaune a cikinsa ya yi suna da jami'o'i da ilimin kwamfuta. Ya ƙara da cewa manyan 'yan wasan biyu ba 'yan yankin ba ne: Matheus Nachtergaele, mai fitowa a João, ɗan São Paulo ne, Selton Mello ɗan Minas Gerais. Ya yarda sun yi wasan da babu mai kushewa, kuma daraktan da wasu 'yan wasan, irin su Marco Nanini da Virginia Cavendish, haifaffun Recife ne. Ciwonsa shi ne mutanen waje suna ɗaukar dariyar su bar dalilin dariyar.

Cabaceiras

Daga Campina Grande zuwa Cabaceiras tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Ƙasa ta koma dutse da ƙaya, itatuwa sun zubar da ganye sun yi fari, dogayen tsirrai masu ƙaya da ake kira mandacaru suna tsaye tsakanin duwatsu, awaki na tsallaka titi ba tare da sun damu da mota ba. A gefen gidaje da dama akwai farar rijiyar siminti ta tara ruwan sama. Kafin ka shiga gari za ka hango manyan fararen haruffa a kan tudu, Roliúde Nordestina, wato Hollywood ta arewa maso gabas, waɗanda aka kafa a 2007. Garin bai wuce mutum kimanin 5,000 ba, kuma yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Barazil. Abin da ya hana su noma shi ya jawo musu masu fim: rana ba ta saɓa alkawari, tsofaffin gidaje masu launi suna nan yadda suke. Duk da labarin na Taperoá ne, a nan aka ɗauki fim na farko. Cocin Nossa Senhora da Conceição, inda liman da bishof suka yi cinikin wasiyya, tana nan a tsakiyar gari, masu yi wa baƙi jagora kuma suna nuna gidan da ya zama gidan burodi.

Mun sauka a wani ƙaramin masauki na wata tsohuwa. Ta kawo mana cuscuz, garin masara da aka turara, da naman akuya, da gahawa da gutsuren mazarƙwaila. Da ta ji abin da ya kawo ni, ta ce ba a hirar fim ɗin da baki kawai. Ta sa jikanta ya kunna shi a talabijin, aka fito da kujerun roba, maƙwabta suka shigo ba tare da an kira su ba. Ta zauna gaba da carbinta na Katolika a nannaɗe a hannu. Lokacin da bishof ya ji rabonsa ya sauya murya, ita ta fi kowa dariya, har carbin na karkarwa a cinyarta, tana nuna allon da yatsa tana kiran sunan wani waliyyi.

Na ce mata, "Iya, ba ki jin nauyi ana yi wa limamanku haka?"

Ta ce, "Ɗana, liman mutum ne, yana cin abinci, yana son kuɗi. Ka zuba ido, in ka ga inda aka yi wa Uwarmu dariya ko sau ɗaya, ka gaya mini."

Na zuba ido har ƙarshe, ban gani ba. Duk wanda aka yi wa dariya a fim ɗin yana da abin da yake taka wani da shi: rigar limanci, ko gidan burodi, ko gonaki, ko bindiga. Shaiɗan ma an yi masa. Amma da Compadecida ta tsaya kare João, fim ɗin ya ajiye wasa ya fara nuna hotuna baƙi da fari na talakawan sertão na gaskiya, masu gudun fari da kaya a ka, da yara masu manyan idanu. Tsakar gidan ya yi tsit. Tsohuwar ta ce mahaifinta ya hau bayan babbar mota ya tafi kudu neman aiki a farin 1958, tana ƙarama, kuma duk lokacin da ta ga hotunan nan fuskarsa take nema a ciki. Ta ce wanda bai taɓa kwana da yunwa ba zai ce João maƙaryaci ne. Ita ta san ƙaryarsa ita ce fartanyarsa, domin ba shi da gona.

Akwai wani saurayi a cikin maƙwabtan, baduku ne daga Ribeira, ƙauyen da ya yi suna da aikin fata. Shi wani wuri ne ya riƙe shi. A fim ɗin mai yanke hukunci, wanda ake kira Manuel, wato Annabi Isa a labarin, baƙar fata ne. Maurício Gonçalves ne ya fito a matsayin. João ya kasa ɓoye mamakinsa, bishof ya tsawata masa, sai Manuel ya mayar da tsawar kan bishof, ya kuma nuna da gangan ya zo a haka. Saurayin ya ce yana yaro ya fara ganin wannan wuri, kuma ya juya ya kalli fatar mahaifinsa. Ya tuna mini cewa a 1955 aka rubuta wannan, a ƙasar da sai 1888 ta soke bauta, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, ƙasar da fiye da rabin mutanenta ke kiran kansu baƙaƙe ko ruwa biyu. Ya ce João da kansa, gwarzon labarin, yana da wariya a zuciyarsa, kuma marubucin bai rufa masa asiri ba. Wannan ne ya sa ya amince da sauran labarin.

Da aka zo batun kashi na biyu kuwa, sai fuskoki suka canza. Ba a Cabaceiras aka ɗauke shi ba. A ɗakin ɗaukar fim aka yi shi a Rio de Janeiro, da manyan allunan hoto a madadin sararin sertão. Wani mai yi wa baƙi jagora ya ce sun jira, ba a zo ba. Ya ce a na farko ƙurar da ke jikin João ƙurar wannan titin ce, zufarsa ta wannan ranar ce, a na biyu kuwa sama ta yi kyau fiye da kima. Wata malamar makaranta ta ce masu fim ɗin da gangan suka so ya fito kamar tatsuniya, kuma wasan ma asalinsa na dandamali ne. Jagoran ya ce ya ji, amma tatsuniya ba ta cika masauki da baƙi, ba ta sayen naman akuya. A garin da ya dogara da awaki da fata da baƙi, ra'ayi kan fim da lissafin abinci ba sa rabuwa.

Taperoá

Taperoá ta fi Cabaceiras girma, amma ba ta da manyan haruffa a tudu. Abin da take da shi shi ne ƙuruciyar marubucin. Mahaifinsa, João Suassuna, ya yi gwamnan Paraíba, aka harbe shi a Rio de Janeiro a 1930 cikin rikicin siyasar da ya girgiza ƙasar, Ariano yana da shekara 3. Mahaifiyar ta kawo 'ya'yanta Taperoá, suka zauna daga 1933 zuwa 1937. A nan yaron ya fara ganin wasan 'yar tsana na kasuwa da gasar mawaƙa masu garaya da ke mayar wa juna baiti nan take. Da ya girma ya dawo yankin ya yi kiwon awaki da ɗan'uwansa a gonar Carnaúba, a 1970 kuma ya jagoranci ƙungiyar Armorial a Recife, mai burin gina fasaha mai zurfi daga kayan talakawan yankin.

A ƙarƙashin wata rumfa kusa da kasuwa na tarar da musun da ya fi tsaya mini a rai. Wani tsohon makiyayi da wani malamin makaranta mai ritaya ne, abokai, kuma kan Severino suka rabu. A fim ɗin ɗan fashin ne ya fi kowa samun sauƙi: aka ce 'yan sanda sun kashe iyalinsa yana yaro, hankalinsa ya taɓu tun daga ranar, saboda haka aka yafe masa kai tsaye. Makiyayin ya ce wannan bai shiga kansa ba. Kakarsa ta ba shi labarin 'yan cangaço, 'yan fashin zamanin shugabansu Lampião wanda aka kashe a 1938, yadda suke ƙone rumbu su tafi da dabbobi su bar mata da kuka. Ya ce mai burodi rowa ya yi aka ce ya jira, wanda ya kashe rayuka kuma aka buɗe masa ƙofa. Ina waɗanda ya kashe, wa ya tambaye su?

Malamin ya ce masa, "Abokina, ka tuna wanda ya rubuta. Maraya ne da aka kashe ubansa." Ya ce mahaifiyar Suassuna ta hana 'ya'yanta ɗaukar fansa a yankin da jini ke biyan jini, don haka afuwar da ke cikin wasan ba ta wanda bai san zafin kisa ba ce. Ya ce fim ɗin bai ce kisa ba laifi ba ne. Ya tambayi wanda ya fara ɗaga bindiga a gidan yaron ne, amsar kuma ita ce masu kakin gwamnati.

Suka juyo gare ni. Na gaya musu cewa a ƙasata maganar 'yan fashin daji ba fim ba ce. A Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai ƙauyukan da aka tashe su, akwai iyayen da suka sayar da gona don fanso 'ya'yansu. Na ce ina tare da makiyayin, domin a addinina haƙƙin jini na masu jini ne, ba wanda zai yafe a madadinsu. Amma tambayar malamin ta bi ni har mota, domin mu ma muna jin labarin yaran da suka shiga daji bayan an ƙone rugarsu, kuma ƙin jin wannan labari bai taɓa dawo da ko saniya ɗaya ba.

Abin da su biyun suka haɗu a kai shi ne João. Shaiɗan bai yi masa ƙazafi ba; duk ƙaryar da aka lissafa ya yi ta. Shi ne ya yi wa bishof da liman da iyayen gidansa dabarar da ta kuɓutar da su daga wuta, su da suka bar shi da yunwa, da aka zo kansa kuma ya rasa abin cewa ya kama hanyar wuta da ƙafarsa. Compadecida ce ta tsayar da shi, ta roƙa a mayar da shi duniya ya sake gwadawa. Ya farka ya tarar Chicó ya yi alkawarin ba da dukan kuɗin da suka samu in abokinsa ya tashi. João ya yi ƙorafi, ya nemi hanyar zillewa, a ƙarshe suka cika alkawarin suka koma talaucinsu. Makiyayin ya ce wannan ne wurin da ya fi so, domin a nan aka nuna talaka yana da kalma.

Na bar Taperoá ban yarda da afuwar Severino ba, aƙidata kuma tana inda take. Direban tasi ba zai daina tashi shan ruwa ba in an zo shari'a, tafintana ba zai daina jin haushin masu kwaikwayonsa ba, mutanen Cabaceiras suna nan da ƙorafinsu. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce a daina nuna fim ɗin, kuma na gane dalili. Talakan sertão ya saba tsayawa gaban manjo da ɗan sanda da alƙali ana karanta masa laifinsa kawai. A wannan labarin ne ya ga kotun da ta karanta laifinsa duka, ba ta rage komai ba, sannan ta tambayi abin da ya ci jiya kafin ta yanke hukunci.